Tumbi ya ragu, tukunya tana nan: rayuwa bayan tiyatar rage ƙiba

Wata huɗu da dawowar gwaggona daga Masar aka yi sunan jikarta a Birnin Kebbi. Aka ajiye mata kwano shaƙe da tuwon shinkafa, miyar taushe ta lulluɓe shi, ga tsokar rago biyu a kai. Ta wanke hannu ta yi bisimilla, ta ɗauki tsoka ɗaya ta yayyage ta ƙanana kamar za ta ba yaro mai koyon ci, ta tauna ta tauna, ta gutsiri tuwon da bai kai girman goro ba, sai ta ture kwanon. Matar da ke gefenta ta dafe ƙirji: "Hajiya, mi yas same ki? Ko tuwon nan bai yi maki ba?" Gwaggo ta ce ta ƙoshi. Ba wanda ya yarda. Kafin la'asar labari ya zaga gidan buki cewa Hajiya ta yi fushi da surukanta, wasu kuma suka ce ciwon da ya kai ta waje bai sake ta ba.

Ita kuwa gaskiya ta faɗa. Tumbin da a da yake ɗaukar malmala uku, yanzu da ƙyar yake ɗaukar abin da zai cika ƙaramin kofin shayi. Na yi kusan shekara biyu ina kallon yadda take fama, kuma abin da na fahimta shi ne likita yana gama nasa cikin awa ɗaya ko biyu, sauran aikin kuma, wanda ya fi tsawo da wuya, a madafin gida da gidan buki da kemis ɗin bakin titi ake yin sa. Takardar abincin da aka ba ta a asibitin can da Turanci take, cike da sunayen abincin da ba a sayar da su a kasuwarmu. Ba wanda ya mayar mata da ita zuwa harshen tukunyarta.

Tiyatar iri-iri ce, amma biyu ne suka fi yawa. A ta farko, wadda ita aka yi wa gwaggo kuma ita aka fi yi a duniya yanzu, ana yanke kashi 75 zuwa 80 cikin 100 na tumbi a fitar da shi gaba ɗaya, a ɗinke sauran ya koma siriri kamar hannun riga, girmansa kamar ayaba. Ba a mayar da abin da aka cire. A ta biyu, wadda ake kira baifas, ana keɓe ɗan aljihu a saman tumbin, bai wuce girman ƙwai ba, a haɗa shi kai tsaye da ƙaramin hanji, ta yadda abinci zai tsallake ragowar tumbin da farkon hanjin. Wani likitan Amurka mai suna Edward Mason ne ya fara yin wannan a jami'ar Ayowa a 1966, bayan ya lura cewa waɗanda ake yanke wa tumbi saboda gyambon ciki suna ramewa. A yau da wuya a farke ciki. Ƙananan huji huɗu ko biyar ake yi a zura na'ura mai kyamara.

Mutane suna ɗauka rage wurin zuba abinci ne kawai sirrin. Akwai abin da ya fi haka. Sashen tumbin da ake cirewa shi ne ya fi samar da sinadarin girelin, wanda ke sanar da ƙwaƙwalwa cewa ana jin yunwa, kuma sakonnin da hanji ke aikawa game da ƙoshi da sarrafa suga suna canzawa. Shi ya sa mai ciwon suga kan ga sugansa ya sauko cikin kwanaki, tun kafin ya rage wani nauyi na kirki. Wannan kuma hatsari ne idan ba a sani ba: wanda ya dawo gida ya ci gaba da shan maganin suga ko yin allurar insulin yadda ya saba, suga na iya faɗuwa ya sume. Haka maganin hawan jini. Dole likita ya sake lissafin su tun ranar sallama.

Ba kowa ake yi wa ba. Ana auna nauyi a kilo, a raba shi da tsawo a mita sau tsawon, abin da ya fito shi ne ma'aunin ƙiba da ake kira BMI. Gwaggo tsawonta mita 1.6, nauyinta ya kai kilo 110, wato BMI ɗinta 43, ga suga ga hawan jini ga gwiwoyi da suka hana ta sallah a tsaye. Tsohuwar ƙa'idar likitoci ta 1991 ta ce a yi wa mai 40, ko mai 35 da ke da wata cuta. A 2022 manyan ƙungiyoyin likitocin wannan fanni suka sassauto: 35 ko da babu wata cuta, 30 idan akwai irin su ciwon suga.

Makonnin farko su ne kowa ke tsoro, amma a ganina su ne suka fi sauƙin bi, domin tsoron da kansa yana tsare mutum. Mako ɗaya zuwa biyu ruwa-ruwa zalla: romon kaza ko na kifi da aka tace aka kwashe mai, madara, nono marar tsami sosai da aka dama. Mako biyu na gaba abin da aka niƙa ya yi laushi kamar na yaye. Daga nan abinci mai taushi, sai wajen mako shida zuwa takwas a fara komawa abincin gida a hankali. Dalilin matakan nan ɗinki ne. Layin da aka ɗinke yana buƙatar lokaci ya haɗe, loma mai tauri tana iya ɓalle shi. Idan ɗinki ya yi yoyo, alamar farko sau da yawa ba ciwon ciki ba ce, bugun zuciya ne da ya haura 120 a minti ɗaya, da zazzaɓi, da haki. A wurinmu duk zazzaɓi maleriya ne har sai an ga akasin haka, kuma nan ne tarkon yake. Wanda aka yi wa wannan aiki cikin wata guda ya ji zazzaɓi da bugun zuciya, kada ya tsaya kemis, ya nufi babban asibiti ya gaya musu abin da aka yi masa. Kuma ya riƙa tashi yana tattaki tun ranar aikin, don kada jini ya daskare a ƙafa. Kwanciyar jinya irin tamu, ta a shimfiɗa tabarma a yi ta karɓar 'yan dubiya, ba ta da amfani a nan.

Abin da ya fara kayar da gwaggo ruwa ne. Ana son mai wannan tiyata ya sha aƙalla lita ɗaya da rabi a rana, wato ledar ruwa uku. Ba wani abu ba ne a ido. Amma shi ba ya iya kafa kai ya shanye moɗa guda. Kurɓa yake yi, ya jira, ya sake kurɓa, yini guda. Ƙari a kan haka, ba ya haɗa ci da sha. Sai ya dakata da ruwa kafin abinci, ya kuma jira kamar minti 30 bayan ya gama, domin ruwan yana cinye ɗan wurin da ya rage, ko ya wanke abincin ya wuce da wuri yunwa ta dawo. Mu da muka tashi da kofin ruwa a gefen kwano, muna kora kowace loma, wannan ɗabi'a ta fi barin tuwo wuyar koyo. To a haɗa wannan da bazarar Kebbi, inda a Afrilu zafi ke haura digiri 40, wuta ta ɗauke, gumi na zuba. Takardar asibitin ba ta san da wannan ba. A bazararta ta farko sai da aka kwantar da gwaggo aka yi mata ƙarin ruwa leda biyu, ba don wani ciwo ba sai don ta shagala da baƙi tun hantsi har azahar ba ta kurɓi komai ba. Tun daga ranar ba ta rabuwa da gorar roba, har masallacin Juma'a. Ma'aunin da ta koya mai sauƙi ne: idan fitsari ya yi ja, ta yi sake.

Yanzu ga babbar maganar. Abincinmu tuwo ne sarki, miya ce mai rakiya, nama kuma baƙo ne da ake ajiyewa a gefe a cinye shi a ƙarshe don a rufe baki da daɗi. Bayan tiyata dole a kifar da wannan tsari. Jiki yana buƙatar giram 60 zuwa 80 na furotin, sinadarin gina jiki, kowace rana, in ba haka ba maimakon kitse tsoka zai riƙa narkarwa, mutum ya rame ya kuma yi laushi. Wurin da za a zuba abincin kuwa bai wuce ludayi ɗaya ba. Duk lomar tuwon da ta shiga ta tare wurin kifi ko ƙwai. Saboda haka nama a fara, ganye ya biyo, tuwo in ya sami wuri.

Lissafin yana da ban tsoro idan aka yi shi a zahiri. Ƙwai ɗaya giram 6 ne. Kofin madara ko kindirmo kamar giram 8. Dafaffen kifi mai nauyin giram 100 yana ba da kamar 20. Wanda ba ya iya cin fiye da ƙwai ɗaya a zama guda, in ƙwai kaɗai ne, sai ya ci sau goma a rana kafin ya kai 60. Likitocin waje suna rubuta garin furotin na gwangwani, wanda tun faɗuwar naira a 2023 ya fi ƙarfin yawancin mutane. Amma a nan Kebbi ta yi sa'a, ko da ba mu lura ba. Jihar da ke da Yauri a bakin Neja da Argungu a bakin gulbi ba ta rasa kifi ba, kuma kifi ya fi kowane nama sauƙin zama a sabon tumbi. Farfesun tarwaɗa da aka cire ƙaya, ba yaji mai yawa, ya fi duk wani abin gwangwani. Busasshen kifi a daka shi a zuba a miyar kuka ko kuɓewa ta yi kauri da shi, a sha miyar da cokali ko babu tuwo. Ga alala, ga awara (a dafa ta a miya maimakon a soya), ga kindirmo, ga faten wake. Garin madara cokali biyu a cikin koko yana mayar da shi abincin kirki.

Waɗanda suka ba gwaggo wahala su ne waɗanda ba a zata ba. Shinkafa, abin alfaharinmu, tana kumbura a ciki ta tsaya a ƙirji kamar dutse. Burodi yana curewa. Tuwon masara da ya kwana ya yi tauri, haka. Kilishi da tsire da balangu furotin ne zalla, amma busassu ne, kuma loma ɗaya da ba a tauna da kyau ba tana jawo amai. Sai da ta shekara kafin ta iya cin tsire, shi ma tsinke ɗaya, a zaune, ba magana. Ta ce abin da ya fi ba ta haushi shi ne ci a kwano ɗaya da mutane: kafin ta gama tauna lomar farko an kai rabi, kuma hannu da kansa yake son bin saurin na kusa da shi. Daga baya ta sayi ɗan farantin yara, ta riƙa ɗiba a ciki ta koma gefe. An yi ta yi mata tsiya, ta toshe kunne.

Akwai kuma kishiyar wannan matsala, kuma ita ce na fi jin tsoro, domin ba ta ciwo. Abu mai tauri yana tsayawa ya yi gargaɗi. Abu mai ruwa da zaƙi wucewa yake yi sumul. Kunun zaƙi, fura da aka zuba wa sukari, zoɓo, shayi mai kauri da madarar gwangwani, lemun kwalba. Kwalbar lemo ɗaya tana ɗauke da sukari kusan cokalin shayi 9, ga iskar da ke kumbura ciki. Mutum yana iya yini yana kurɓar waɗannan, bai taɓa jin ya cika ba, ya sha abin da ya fi malmala uku nauyi a jiki. Kuma su ne abin da al'adarmu ke kai wa marar lafiya. Duk wanda ya zo dubiya ya ga Hajiya ba ta cin tuwo, gobe sai ga shi da jarkar kunu ko katan ɗin maltina, da kyakkyawar niyya.

Masu baifas jikinsu kan hukunta su nan take. Idan zaƙi ya kwarara cikin hanji gaba ɗaya, cikin minti 10 zuwa 30 sai gumi, jiri, bugun zuciya, murɗar ciki, zawo. Wani lokaci kuma sai bayan awa ɗaya zuwa uku, jiki ya saki insulin da yawa suga ya faɗi, mutum ya kama rawa. Gwaggo, duk da ba baifas aka yi mata ba, ta ɗanɗana sau ɗaya bayan kofin kunun gyaɗa a gidan rasuwa. Matan da ke wurin har sun fara tofa mata addu'a, suna zaton iska ce. Masu irin tata tiyatar sun fi fama da ƙwannafi, wanda kan matsa wa wasu har sai an sake musu aiki. Ita ta daina cin komai awa biyu zuwa uku kafin kwanciya, ta ƙara filo.

Maganar bitamin ba ta da daɗin ji, shi ya sa ake gudun ta: har abada ne. Tumbin da aka rage ba ya samar da isasshen abin da ke sa jiki ya tsotsi bitamin B12, kuma sashen hanjin da baifas ke tsallakewa shi ne ya fi tsotsar sinadarin ƙarfe da kalsiyam. Don haka kullum akwai ƙwayar bitamin, da kalsiyam, da bitamin D, sau da yawa da maganin ƙarin jini, da allurar B12 duk wata uku ga da yawansu. Kalsiyam da maganin ƙarin jini ba a haɗa su, sai a bar awa biyu tsakani, kuma shayi yana hana ƙarfen shiga jiki. Mugun halin wannan rashi shi ne ba ya nuna kansa da wuri. Hanta tana da ajiyar B12 ta shekaru, mutum ya bar magani ya ga lafiya lau, ya ce ai daman kasuwancin likitoci ne. Sai bayan shekara biyu ko uku ƙafafu su fara mutuwa, mantuwa ta shigo. Bitamin B1 kuwa ajiyarsa ta 'yan makonni ce. Wanda ya yi ta amai kwana da kwanaki bayan tiyata yana iya rasa shi har ya taɓa ƙwaƙwalwa, ido ya juye, tafiya ta gagara. Wannan na gaggawa ne.

A nan ne waɗanda suka yi aikin a waje suke zama marayu. Wanda ya yanka yana Alƙahira ko Indiya ko Turkiyya, lambar WhatsApp da aka bayar tana daina amsawa bayan wata uku. Ya kamata a yi gwajin jini a wata na 3 da na 6 da na 12, sannan duk shekara. Wasu gwaje-gwajen ana samun su a Birnin Kebbi, wasu sai an dangana da asibitin koyarwa na Sakkwato. Shawarata ga duk mai shirin tafiya: kafin ya nemi biza, ya nemi likitan gida da zai riƙe shi bayan ya dawo, ya kuma karɓo rahoton aikin a rubuce.

Sai kemis. Mai ƙiba da ma yana da ciwon gwiwa da baya, ya saba aika yaro a haɗo masa na ciwon jiki. A cikin haɗin nan kusan kullum akwai ibuprofen ko diclofenac ko ɗan'uwansu, kuma waɗannan suna huda gyambo a wurin ɗinki, musamman ga mai baifas. Farasitamol ne ake yarda a sha. Taba sigari da shisha ma gyambon suke kawowa. Jiƙe-jiƙen da ba a san abin da ke cikinsu ba, ni dai ba zan zuba su a tumbin da ya rage kashi ɗaya cikin biyar ba.

Nauyi yana zubewa da sauri a wata shidan farko, ya ci gaba a hankali har wata 12 zuwa 18. Yawanci ana rasa kashi 25 zuwa 30 cikin 100 na nauyin jiki. Gwaggo ta sauka daga 110 zuwa 78. A hanya gashinta ya yi ta zuba tsakanin wata na uku da na shida, abin da aka saba gani kuma yana dawowa. Mai kitsonta ce ta fara tayar da hankali. Fata ta saki a damtse da ciki. Saurin rama kuma yana iya tara tsakuwa a matsarmama. Amma abin da ya fi cin ranta baki ne. A wurinmu ƙiba shaida ce: miji yana riƙo, kasuwa tana ci. Mace ta rame kilo 30 cikin shekara, ba wanda zai ce ta sami lafiya. Za a ce kishiya ce, ko sammu, ko a rage murya a ambaci wata cuta. Da farko ta ɓoye, tana cewa aikin ciki aka yi mata. Ɓoyon ne ya ƙara rura wutar. Ranar da ta fito ta faɗa a gaban 'yan'uwa, har da nuna tabon hujin, rabin surutun ya mutu, sauran rabin ya koma tambayar nawa ta kashe.

Ga matan da ba su wuce haihuwa ba akwai ƙarin nauyi. Rama tana dawo da haihuwa ga wadda ƙiba ta toshe wa, wani lokaci ba zato, alhali likitoci suna son a jira wata 12 zuwa 18 kafin a ɗauki ciki, domin uwar da ba ta ƙoshi ba ba ta da abin ba ɗan tayi. Ƙwayar tazarar haihuwa ta sha ba abin dogaro ba ce ga mai baifas. Wannan magana ce da miji ya kamata ya ji daga bakin likita, don kada matar ta kasance ita kaɗai ke kare kanta gaban dangi.

Azumi kuma. Na 2024 da na 2025 duk sun ratsa watan Maris, lokacin da zafi ke kunno kai. Mai lafiya yana rama ruwan yini guda cikin minti goma bayan kiran sallah. Mai ƙaramin tumbi ba shi da wannan dama. Tsakanin magariba da asuba dole ya cusa ledar ruwa uku da furotin giram 60 da ƙwayoyinsa, ba tare da ya haɗa ci da sha ba. Shi ya sa likitoci da yawa ke ba da shawarar a bar azumin da ya faɗo cikin shekarar farko. Sauƙin da Suratul Baƙara ta yi wa marar lafiya sananne ne, amma gwaggo ba ta natsu ba sai da ta ji daga bakin malaminsu na Islamiyya. Ta rama a cikin sanyin Disamba. A azumi na biyu ta yi, da tsari: ruwa da dabino ɗaya, sallah, sannan kifi ko ƙwai. Ƙosai da kunun tsamiya mai sukari kuwa, waɗanda su ne buɗa-bakin kowane gida, ta bar wa jikoki. Sahur kindirmo da alala, ba tuwon da ya kwana ba.

A shekara ta biyu yunwa takan dawo, tumbi ya ɗan saki, tsoro ya gushe. Ƙarin 'yan kilo bayan an kai ƙasa abu ne da aka saba gani, wasu kuma suna mayar da mai yawa, kusan kullum ta hanyar ɗan ciye-ciye da kurɓe-kurɓe tsakanin abinci. Gwaggo ta ƙara kilo huɗu. Da muka zauna muka bi yininta daki-daki, ba mu sami laifin tuwo ba. Shayin safe ne ya koma kofi uku, da cincin ɗin da take ajiye wa baƙi a ɗaki. Ta mayar da robar cincin ɗin ɗakin amaryar ɗanta, ta koma tattakin da take yi bayan asuba daga gida zuwa bakin titi. Maganin suga har yanzu ba ta koma masa ba, na hawan jini ƙwaya ɗaya ta rage, kuma jibi Talata ne za mu Sakkwato gwajin jininta na shekara.